Jajibirin Nowel a ƙasar Purobans: alkama cikin tasa, kayan zaƙi 13 bisa tebur

Ƙasar Purobans tana kudu maso gabashin Faransa, a bakin tekun Bahar Rum. Kogin Ron ne iyakarta ta yamma, ta gabas kuwa manyan duwatsun Alpa ne da ƙasar Italiya. Babban birninta shi ne Marsey, wanda fataken Girka suka kafa wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma shi ne na biyu a Faransa wajen yawan jama'a. Tsofaffin manoman gyaɗa na Maraɗi da Tasawa da Matamai da Magarya ba su rasa jin sunansa ba, don kuwa shekara da shekaru jiragen ruwa sun yi ta sauke gyaɗar Afirka ta Yamma a tasharsa, ana matse ta ana yin mai da sabulu. Sabulun nan mai kusurwa huɗu da ake kira sabulun Marsey, daga wannan birni ya samo sunansa.

Baƙon da ya sauka can cikin watan Disamba, iska ce take fara tarbarsa. Suna kiranta mistiral. Daga arewa take fitowa, ta biyo kwarin kogin Ron, busassa mai sanyi, wani lokaci gudunta ya zarce kilomita 100 cikin awa guda. Ƴar uwar hunturu ce, sai dai ita ba ta kawo hazo, share sama take yi tas. Saboda ita ne gidajen gona na dā suka ba arewa baya, ba ƙofa ta wannan waje, taga ma sai ƴar ƙarama, kuma saboda ita ne manoma suka dasa dogayen itatuwa jeri jeri su kare lambunansu. Yini gajere ne, bai fi awa 9 ba. Ƙarfe 5 na yamma rana ta faɗi, kowa ya nemi bakin murhu.

Cikin wannan sanyi ne Kiristoci suke sallarsu ta Nowel, wadda mutanen Najeriya suke kira Kirsimeti, ran 25 ga Disamba, don tunawa da haihuwar Annabi Isa. Amma a Purobans babban abin ba ranar sallar ba ne, daren jajibiri ne, watau daren 24 ga wata. Shirinsa kuwa tun da sauran kwana 20 ake soma shi, kuma a hannun yara ake sa shi.

Alkamar 4 ga Disamba

Ran 4 ga Disamba, ranar wata waliyyiyarsu da suke kira Barbara, uwar gida takan fito da ƙananan tasoshi 3, ta shimfiɗa auduga a ciki, ta jiƙa ta da ruwa, ta ba yara ƙwayar alkama su barbaɗa. A ajiye tasoshin wuri mai ɗumi da haske. Daga ranar aikin yara ke nan: kowace safiya kafin su tafi lakwal su duba, su yayyafa ruwa, kada auduga ta bushe, kada kuma ruwa ya yi yawa ƙwaya ta ruɓe. Kafin jajibiri alkama ta tsira, ta yi tsawon kamu guda ko kusa da haka, sai a ɗaure ta da jan ƙyalle a ɗora bisa tebur.

Mutanen dā sun ce in ta fito kore shar, ta miƙe tsaye, to shekara za ta yi albarka. In kuwa ta yi rawaya ta kwanta, sai a shiga taitayi. Wanda ya san noma zai gane ba camfi ne zalla ba. Daga buhun iri na gida ake ɗebo ƙwayar, irin da aka riga aka shuka a gona cikin Oktoba ko Nuwamba. Abin da ya faru cikin tasa, shi ne yake faruwa ƙarƙashin ƙasa. Jumma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Yau mutanen birni ba su da buhun iri, sai su sayi ɗan ƙunshin alkama wurin mai burodi, kuma da yawa daga cikin ƙunshin nan kuɗinsu na taimakon yara marasa lafiya ne da ke kwance a asibiti.

Ƴan mutanen yumɓu

Aiki na biyu na yara shi ne gina ɗan ƙauye a wata kusurwar ɗaki. Sukan tafi daji da iyayensu su ɗebo gansakuka da tsakuwa da ƙirare, a yi tudu da takarda, a yi rafi, a yi gada, a yi garken dabbobi inda Kiristoci suka ce an haifi Annabi Isa. Sa'an nan a jera ƴan gumakan yumɓu masu tsawon yatsa, waɗanda suke kira santon.

Al'adar tana da tarihi. Bayan juyin mulkin Faransa na 1789 an yi lokacin da hukuma ta rufe majami'u ta hana sallar tsakar dare. Da mutane suka rasa abin da suka saba gani a majami'a, sai suka shiga yin ƙaraminsa cikin ɗakunansu. Wani mutumin Marsey, Jean-Louis Lagnel, wanda ya rayu daga 1764 zuwa 1822, shi ya soma zuba yumɓu cikin ma'auni yana fitar da su da yawa, da araha, yadda talaka ma zai iya saye. A 1803 aka buɗe kasuwar santon ta farko a Marsey, kuma har yanzu tana ci kowane ƙarshen shekara. Garin Aubagne, wajen kilomita 20 gabas da Marsey, mai ƙasar yumɓu mai kyau, ya yi suna da wannan sana'a.

Abin lura shi ne irin mutanen da ake ƙerawa. Ba sarakuna da attajirai ba ne suka fi yawa. Makiyayi ne da tunkiya a kafaɗa, da mai niƙa da buhun gari, da mai tallan kifi, da mai wasa wuƙa, da tsohuwa da ɗaurin itace a ka, da mai sayar da tafarnuwa, da makaho da ɗan jagoransa, da wawan gari wanda ba shi da komi sai ya ɗaga hannu sama don murna. Kowa ya kawo abin sana'arsa. Gidaje da yawa ɗaya ko biyu suke ƙarawa kowace shekara, yaro ne kuma yake zaɓa. Ta haka yake sanin sana'o'in kakanninsa, har waɗanda suka ɓace daga titi.

Gungumen tsoho da auta

In daren 24 ya yi, dangi suka taru, kafin a taɓa abinci akwai al'adar da suke kira kaco-fiyo da harshensu, watau kunna wuta. Tun cikin shekara an ware gungumen itace mai ƴaƴa da ya mutu da kansa, zaitun ko makamancinsa. Wanda ya fi kowa tsufa a gidan ya kama kai ɗaya, autan gida ya kama ɗaya kan, su kewaya tebur sau 3, su kai shi murhu. Tsoho ya zuba masa dafaffiyar giyar inabi sau 3, sa'an nan ya yi roƙo da babbar murya: Allah ya nuna musu baɗi, in kuma ba su ƙaru ba, to kada su ragu. A sa wuta. Akan lallaɓa gungumen ya yi kwanaki yana ci, tokarsa kuma a adana, wasu su watsa a gona.

Roƙon nan ba na ado ba ne. Purobans ta tudu ƙasar duwatsu ce da ƙarancin ruwa. Tun ƙarni na 19 samarinta suke gangarawa Marsey da Tulon neman aiki, yaƙin 1914 zuwa 1918 kuma ya kwashe na kwashewa, har aka sami ƙauyukan da suka koma kufai. Tsohon da ke riƙe da gungume ƙirga kawunan gidansa yake yi. Duk maigidan da ya taɓa raka ɗansa tasha bayan kaka, zai tafi cin rani Kano ko Legas ko Abijan, ya san nauyin wannan magana.

Mawaƙin ƙasar, Frédéric Mistral, wanda aka haifa a ƙauyen Maillane a 1830 ya rasu a 1914, ya ba da labarin daren a gidan ubansa, babban manomi. Ya ce ranar da wuri ake sallamar barori daga gona, uwarsa ta ƙunsa wa kowane waina ta man zaitun, da alewar zuma, da busasshen ɓaure, da cukun tumakin gida, da seleri, da kwalbar abin sha, ya kai wa iyalinsa. Waɗanda ba su da inda za su kuwa, sai su zauna su ci tare da masu gida. Mistral da harshen Purobans ya yi rubutunsa, ba da Faransanci ba, ya kuma sami lambar Nobel a 1904. Kuɗin lambar ya zuba su ga gidan tarihin da ya kafa a birnin Arles, inda har yau baƙo zai ga siffar teburin jajibiri kamar yadda ake shirya shi a gidan gona.

Babban jibi marar nama

Abincin daren suna kiransa babban jibi, amma ba nama a ciki, don a addininsu daren ƙanƙan da kai ne. Ana shimfiɗa fararen mayafai 3 bisa tebur, ɗaya kan ɗaya, a kunna kyandir 3, a jera tasoshin alkama 3. Galibi kala 7 ake kawowa, duk cimar talaka: romon tafarnuwa da ake zubawa kan burodi, da busasshen kifi mai gishiri da aka jiƙa tun jiya, da alayyafo, da farin kabeji, da seleri da ake dangwalawa cikin miyar ƙananan kifi da man zaitun, wasu wurare har da dodon koɗi. Man sabo ne, don daga Nuwamba zuwa Janairu ake tsinkar zaitun a kai maniƙa.

Akan ajiye kujera guda da tasa guda ba mai su. Rabon matalauci ke nan, ko matafiyin da dare ya yi masa. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa a daren ba a tambayarsa daga ina. An kuma san daren da sulhu: ƴan uwan da suka yi shekara ba su ga maciji, kunya ce a gare su su ƙi zama tebur guda.

Kayan zaƙi 13

Yara dai haƙuri suke yi da ganye da kifi, idonsu yana ga abin da zai biyo baya. Kayan zaƙi ne iri 13, don Annabi Isa da almajiransa 12. Gaba ɗaya ake jera su, kuma kowa sai ya ɗanɗana kowane, ko da ɗan kaɗan.

Na farko wainar man zaitun ce, mai faɗi kamar faifai, da ƙanshin furen lemu. Da hannu ake gutsura ta. Sun ce wanda ya sa mata wuƙa zai tsiyace kafin shekara ta kewayo. Sai busassu 4 da suke kira mabarata, watau ɓaure, da zabibi, da amandi, da nuwa. Amandi da nuwa ƴaƴan itace ne masu ɓawo mai tauri, cikinsu mai maiƙo kamar gyaɗa. An ba su wannan suna ne don launinsu ya yi kama da rigunan wasu ƙungiyoyi 4 na malaman Kirista da suka ɗauki alkawarin zaman talauci, suna rayuwa da sadaka. Yara sukan tsaga ɓaure su cusa nuwa a ciki, su ce alewar talaka ke nan.

Sai alewar zuma iri 2 da ake kira nuga. Baƙar, zuma ce da amandi kawai ake dafawa har ta yi duhu, a zuba a ma'auni ta daskare, kusan yadda ake kantun gyaɗa ko na riɗi. Farar kuwa ana kaɗa mata farin ƙwai, ta yi laushi. Sauran ɗanyun ƴaƴan itace ne da aka yi dabarar ajiye su tun kaka: inabin da aka rataye a ɗakin sama ya yi yaushi bai ruɓe ba, da malo mai koren ɓawo da aka kwantar cikin ƙaiƙayi, da tuffa. Sai lemu, wanda a zamanin kakanni shi kaɗai ne kyautar da yaro yake samu, ya yi kwanaki yana shinshina shi kafin ya ɓare. Kowane gari kuma da abin da yake ƙarawa. Mutanen Aix, kilomita 30 arewa da Marsey, sai sun sa kalison, wata alewa ta niƙaƙƙen amandi da malo. Mutanen Apt su sa ƴaƴan itacen da aka dafa cikin sukari.

Baƙo ɗaya tebur ba ya rasawa, shi ne dabino. Ba ya nuna a Purobans, daga Aljeriya da Tunisiya jirage suke kawo shi Marsey. Kaka takan ba jikanta ƙwallon ta ce ya nemi ɗan zoben nan da ke bayansa, ta gaya masa tambari ne da ya samu tun ranar da Nana Maryamu ta huta ƙarƙashin dabino. Musulmi ma sun san dabino cikin labarin haihuwar Annabi Isa, kamar yadda ya zo cikin suratu Maryam.

Adadin 13 ɗin bai tsufa kamar yadda ake zato ba. Wani limamin majami'a na Marsey, François Marchetti, ya rubuta al'adun birnin a 1683, ya ambaci waina da ƴaƴan itace, bai faɗi adadi ba. Sai a 1925 wani marubucin Aubagne, Joseph Fallen, ya rubuta 13. Abin da ya daɗe shi ne tushen: uwar gida ta buɗe ɗakin ajiya ta nuna abin da gona da amya da garka suka bayar, da abin da hannunta ya iya tsarewa daga ɓera da ruɓa har tsakiyar sanyi. Teburin da ya cika shaida ce gidan ya iya tattali. In an gama ba a kwashe komi. A naɗe kusurwoyin mayafi, a bar sauran, wai don magabatan da suka rasu. Kwana 3 kayan zaƙin suke yi a wurin, har 27 ga wata, duk wanda ya shigo barka da salla ya miƙa hannu.

Ɗan rago a Les Baux

Wajen tsakar dare akan fita zuwa majami'a. Inda aka fi zuwa kallo shi ne Les Baux, wani ƙauye da ke lafe bisa farin dutse arewa maso gabas da Arles. A nan ne aka gano ƙasar da ake fitar da sanholo daga cikinta a 1821, shi ya sa ake kiranta boksit, irin wadda ƙasar Gine take haƙa da yawa. A dā gari ne mai dubban mutane, yau ɗaruruwa kaɗan suka rage. Kudu da shi akwai filin Crau, fako mai tsakuwa inda tumaki suke cin sanyi, su haihu cikin kaka. In Yuni ya yi ciyawa ta bushe, a hau da su duwatsun Alpa, kamar yadda makiyayan Nijar suke hawa Ingal da damina. Dā da ƙafa ake korarsu, yanzu manyan motoci ke ɗaukarsu.

A daren, makiyaya sanye da manyan alkyabbu na ulu suna shigowa majami'a riƙe da kyandir, ana busa sarewa ana kaɗa ganga. A gabansu rago ne yake jan ƴar amalanke da aka yi wa ado, cikinta ɗan rago sabon haihuwa. Ba yanka shi ake yi ba, miƙa shi ake yi hannu zuwa hannu don godiya da neman albarkar garke. Yaran da barci bai sace ba, wannan suke jira.

Abin da zamani ya taɓa

Cikin Fabrairu 1956 aka yi wani sanyi da ba a manta da shi ba. Ɗimbin itatuwan zaitun suka daskare suka tsage, maniƙa da yawa suka rufe, manoma da dama suka tumɓuke suka dasa inabi. Waɗanda suka yi haƙuri suka sare daga gindi, kututture ya sake toho, amma sai da aka yi shekaru kafin a ga mai. Gonakin amandi su ma sun ja baya ƙwarai cikin ƙarni na 20, har ya zamana yawancin wanda ake ci a Faransa daga Amurka da Sifen yake zuwa, ko da yake cikin shekarun nan wasu manoman Purobans sun koma dasawa. Gidajen bene na birni ba su da murhu, sai gungume ya koma wani kek mai siffar itace da ake saye a kanti. Bayan yaƙin duniya na biyu kayan wasa na saye suka ture lemu guda na kakanni. Harshen da ake roƙon da shi ma ya raunana, don tun wajen 1880 lakwal da Faransanci kaɗai take karantarwa, ana horon yaron da ya yi maganar gidansu, sai a 1951 doka ta yarda a koyar da shi. Tsofaffi kaɗan ne suka rage masu hira da shi.

Duk da haka tasoshin alkama ba su ɓace daga tagogi ba, kayan zaƙi kuma ana ƙirga su har 13, ko da rabinsu daga kasuwa suka fito. Abin da aka damƙa wa yara shi ya fi daɗewa. Bayan salla mai gona yakan kai alkamar tasa ya dasa a gefen gona, santon kuwa sai 2 ga Fabrairu ake naɗe su cikin takarda a mayar akwati.

Dabarar tasa ba ta Purobans kaɗai ba ce, malaman gona suna koyar da irinta. Kafin ruwan shuka, manomi ya ƙirga ƙwayar hatsi ko dawa ko wake 100 daga irin da ya ajiye, ya naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a inuwa, ya sa yaro ya riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda a buɗe a ƙirga. In 80 ko fiye suka tsira, iri ya yi. In ba su kai rabi ba, a nemi wani tun da sauran lokaci, kada a yi asarar ruwan farko. Allah shi ba da damina mai albarka, shi maido matafiya gida lafiya.